SHARHI: Jariran taurari a Gajimaren Majelan, da madubin da ake jayayya kan kuɗin riƙonsa

A ranar 20 ga Oktoban 2025, gwamnatin tarayyar Amurka tana rufe saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, mafi yawan ma'aikatan hukumar NASA kuma suna zaune a gida babu albashi. A ranar ce mujallar Astrophysical Journal Letters ta buga sakamakon binciken wata tawaga ƙarƙashin Marta Sewilo, masaniyar taurari a Jami'ar Maryland da cibiyar Goddard ta NASA. Tawagar ta gano sinadarai biyar masu ɗauke da kabon, daskare cikin ƙanƙarar da ta kewaye wani jaririn tauraro mai suna ST6. Tauraron ba a cikin galaksinmu yake ba. Yana can cikin Babban Gajimaren Majelan, inda haske ke shafe kimanin shekara 160,000 kafin ya iso mu.

Sinadaran su ne metanol, etanol, metil-fomet, asetaldihaid da asid ɗin asetik. Biyu daga cikinsu suna nan a gidajenmu: etanol shi ne na cikin man tsaftace hannu da aka yi ta shafawa lokacin korona, asid ɗin asetik kuma shi ne ke ba ruwan khal tsaminsa. Ba a taɓa tabbatar da shi a cikin ƙanƙarar sararin samaniya ba sai a wannan karon.

Kafofin labarai da dama sun yi wa labarin ado, har wanda ya karanta kanun kawai zai zaci an kusa gano halittu a wata duniya. Ba haka ba ne, kuma masu binciken ba su faɗi haka ba. Abin da ke da nauyi shi ne wurin da aka samu sinadaran, da yadda aka iya ganinsu, da kuma cewa na'ura ɗaya tak a yau ke iya wannan aikin, ita ma kuɗin tafiyar da ita sai an yi ta ja-in-ja a Washington kowace shekara.

Me ya kai masana gidan maƙwabta?

Galaksi kamar birni ne na taurari. Namu, Milky Way, yana da taurari sama da biliyan 100, rana ɗaya ce daga cikinsu. A gefensa akwai ƙananan birane biyu, Babban Gajimaren Majelan da Ƙaramin Gajimaren Majelan, waɗanda mutanen kudancin duniya ke gani da ido kamar ɓalli-ɓallin girgije a daren da babu wata. Daga Kano, babban cikinsu ba ya ɗagowa fiye da digiri 8 daga gefen sama ta kudu, don haka ƙura da hasken gari sukan shafe shi. An laƙaba musu sunan matuƙin jirgin ruwa Ferdinand Magellan, duk da cewa mazauna kudancin Afirka da Ostireliya da Kudancin Amurka sun san su, sun ba su sunaye, tun kafin a haife shi. Tun 2023 wasu masana ke neman a sauya sunan, amma wannan wata rigimar ce daban.

Darajar gajimaren biyu tana cikin talaucinsu. Bisa lissafin masana, lokacin da sararin samaniya ya fara, shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, kusan babu komai a cikinsa sai haidurojin da hiliyom. Kabon da oksijin da silikon da ƙarfe, wato kayan da ake gina duwatsu da ruwa da jikin ɗan Adam da su, a cikin taurari aka dafa su, aka watsa su lokacin da taurarin suka mutu. Kowane zubi na taurari ya gaji abin da na baya ya bari. Ranarmu ta zo a makare, shekaru biliyan 4.6 da suka wuce, ta tarar da gado mai yawa.

Gajimaren Majelan ba su tara irin wannan gadon ba. Babban yana da abin da bai wuce rabin ma'adinai masu nauyi da ke cikin rana ba, ƙaramin kuma kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka. Wannan ya yi kama da yanayin sararin samaniya kimanin shekaru biliyan 10 da suka wuce, zamanin da aka fi haihuwar taurari. Galaksin wancan zamani sun yi nisan da ba za a iya ware tauraro guda a cikinsu ba. A gajimaren kuwa ana iya nuna ɗaya a ce ga shi. Wanda ke son sanin yadda kakanni suka rayu, in bai iya komawa baya ba, sai ya nemi ƙauyen da har yanzu ake rayuwa irin tasu.

Hoto ba hujja ba ne

Jaririn tauraro ba ya ganuwa da hasken da idonmu ya sani. Yana samuwa ne a tsakiyar dunƙulen iskar gas da ƙura mai sanyi, ƙurar kuma tana shanye hasken, kamar yadda hazon hunturu ke ɓoye rana da tsakar yini. Sai dai bayan launin ja, inda ido ke tsayawa, akwai wani haske mai dogon zango, wanda muke ji a fata a matsayin zafi idan muka kusanci murhu. Wannan hasken bayan-ja yana ratsa ƙurar ya fito.

Madubin James Webb, wanda rokar Ariane 5 ta harba daga Kourou a ranar 25 ga Disambar 2021, don wannan hasken aka ƙera shi. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, yana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, a bayan wata laima mai shimfiɗa biyar da ke tare masa zafin rana. Ɗaya daga cikin na'urorinsa, MIRI, sai an sanyaya ta zuwa kimanin digiri 266 ƙasa da sifiri, domin in ba haka ba zafin jikinta zai rufe abin da take nema.

Jama'a sun san Webb da hotuna masu ƙayatarwa. Masana kuwa abin da suka fi so shi ne aikin da ba ya ɗaukar ido: tsefe hasken tauraro ɗaya, a baje shi zango-zango kamar bakan gizo, a duba inda ya yi ƙarfi da inda ya yi giɓi. Kowane sinadari yana da zangon da yake shanyewa ko yake fitarwa, tamkar zanen yatsa. Ƙanƙarar ruwa tana cin haske a wajen maikiron 3, ta kabon-dayoksaid kuma a wajen 4.3 da 15. Idan hasken jaririn tauraro ya ratso ƙurar da ƙanƙara ta lulluɓe, yana isowa da giɓi a waɗannan wurare. Sai a kwatanta giɓin da na ƙanƙarar da aka haɗa a ɗakin gwaji, irin na Jami'ar Leiden a Holand, a ga wane sinadari ne ya ci.

Bambancin hoto da bakan haske shi ne bambancin zargi da hujja, kuma labarin NGC 346 ya nuna haka ƙarara.

Faifan da suka ƙi watsewa

NGC 346 tarin taurari ne a Ƙaramin Gajimaren Majelan, nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 210,000. A tsakiyar shekarun 2000, madubin Hubble ya ɗauki hotonsa, aka ga taurari masu kama da rana, masu shekaru miliyan 20 zuwa 30, da alamar har yanzu suna zuƙar iskar gas daga wani faifai da ke kewaye da su. A cikin irin wannan faifan ne duniyoyi ke haɗuwa. Matsalar ita ce a unguwarmu faifan sukan watse cikin shekaru miliyan 2 zuwa 3, kuma lissafin masana ya ce a inda ma'adinai suka yi ƙaranci sun fi saurin watsewa. Da yawa ba su yarda da abin da Hubble ya nuna ba. Mai yiwuwa, in ji su, hasken gas ɗin da ke bayan taurarin ne ya ruɗi na'urar, ko kuma an yi kuskure wajen ƙiyasta shekarunsu. Hoto kaɗai ba zai raba gardamar ba, haka ta zauna kusan shekara ashirin.

A Disambar 2024, Guido De Marchi na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai da abokan aikinsa suka buga abin da na'urar NIRSpec ta Webb ta gani. NIRSpec tana da ƙananan tagogi kusan 250,000, kowace ana iya buɗe ta ko a rufe, yadda za a zaɓi taurari da dama a lokaci guda a toshe sauran. Ta haka suka ware hasken kowane tauraro daga na gas ɗin da ke kewaye. Taurarin, masu nauyin 0.9 zuwa 1.8 na rana, sun nuna alamar haidurojin mai zubowa a kansu, da ƙarin hasken bayan-ja irin na ƙura mai ɗumi. Hatta waɗanda suka haura shekaru miliyan 10 suna ci gaba da ci, kwatankwacin nauyin duniyarmu a duk shekara 300. Hubble ne ke da gaskiya.

Tawagar ta kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka. Na farko, hasken tauraro ya fi iya tura ma'adinai masu nauyi fiye da haidurojin da hiliyom, don haka faifan da ba shi da su ya fi wuyar sharewa. Na biyu, a wuri mai ƙarancin ma'adinai sai dunƙulen gas ya fi girma kafin ya haifi tauraro irin rana, babban dunƙule kuma babban faifai yake bari, wanda zai daɗe bai ƙare ba. Ba mamaki duka biyun suna aiki tare.

Wannan ya taɓo wata tsohuwar matsala. A 2003, Hubble ya taimaka wajen tabbatar da wata duniya mai nauyin Jufita sau biyu da rabi a tarin taurarin M4, wadda aka ƙiyasta shekarunta sun kusa biliyan 13. Ta yaya irin wannan ƙatuwa ta haɗu a zamanin da kayan gini suka yi ƙaranci, lokacin ginin kuma aka ce gajere ne? Idan faifan wancan zamani suna daɗewa ninki goma, amsar ta fara fitowa: kayan kaɗan ne, amma magini ya samu lokaci.

A haɗa wannan da ST6, da kuma faifan da Anna McLeod ta Jami'ar Durham da tawagarta suka gano a 2023 da na'urorin ALMA na Chile, kewaye da wani babban tauraro matashi a Babban Gajimaren, wanda shi ne irinsa na farko da aka tabbatar a wajen galaksinmu. Duka suna nuni waje guda. Talaucin ma'adinai bai hana faifai samuwa ba, bai hana su daɗewa ba, bai kuma hana sinadarai masu sarƙaƙiya haɗuwa a bayan ƙwayoyin ƙura ba. Idan haka ta tabbata, to tarihin duniyoyi ya faro da wuri fiye da yadda littattafai suka koyar.

Amma a lura da kalmar "idan". De Marchi ya yi bayani dalla-dalla ne kan taurari goma. Binciken Sewilo a kan tauraro ɗaya ya tsaya. Tun zamanin madubin Spitzer da AKARI na Japan an ga cewa ƙanƙarar Babban Gajimaren ta bambanta da tamu, kabon-dayoksaid ya fi yawa a cikinta idan aka gwada da ruwa, wataƙila don ƙurar can ta fi ɗumi. Ko ST6 wakilin sauran ne ko kuwa shi kaɗai ne a dangi, sai an duba gommai irinsa. Babu likitan da zai yanke hukunci kan lafiyar gari da gwajin mutum ɗaya. Kowane ƙarin tauraro kuma sa'o'i yake ci a kan Webb, kuma a nan kimiyya ta ci karo da siyasa.

An sayi ingarma, ana ƙorafin harawa

Webb ya laƙume kimanin dala biliyan 10. A ƙarshen shekarun 1990, ƙiyasin farko bai kai biliyan 1 ba, ana kuma sa ran harba shi a 2007. Masu sukarsa suna da hujja: ya cinye kuɗin wasu ayyuka da dama, har a 2011 wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya nemi a soke shi baki ɗaya. Sanata Barbara Mikulski ta Maryland, jihar da cibiyar Goddard da cibiyar kula da madubin ta Baltimore suke, tana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har ya tsira. Kishin kimiyya da kishin ayyukan yi na mazaɓa suka haɗu a wuri guda, kamar yadda aka saba.

Wancan kuɗin ya riga ya tafi. Abin da ake jayayya a kai shi ne na tafiyar da shi, wanda ya kasance dala miliyan 187 a shekarar 2025. A Janairun 2025, Tom Brown, shugaban ofishin Webb a cibiyar Baltimore, ya shaida wa taron masana taurarin Amurka cewa kuɗin gudanarwa na iya raguwa har da kashi 35 cikin 100. Ya kamata a lura da lokacin: Donald Trump bai ma koma Fadar White House ba tukuna. Matsalar ta samo asali ne daga ƙiyasin da aka yi tun 2011, wanda ya raina abin da aikin zai ci, ga hauhawar farashi da ta zaizaye sauran. Saboda haka wanda ya ɗora laifin duka a kan mutum ɗaya bai karanta takardun ba.

Gwamnatin Trump dai ta zo ta ƙara gishiri a miki. A Mayun 2025 ta gabatar da kasafin da zai rage kuɗin NASA daga dala biliyan 24.8 zuwa 18.8, na sashen kimiyya kuma daga biliyan 7.3 zuwa 3.9, wato kusan rabi. An yanka wa Webb dala miliyan 140. Abin da za a tsimi, miliyan 47, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin ƙera madubin ba.

Ragin ba yana nufin a kashe na'urar ba ne, shi ya sa ba ya tayar da hankalin jama'a. Madubin zai ci gaba da aiki, hotuna su ci gaba da fitowa. Abin da zai ragu shi ne mutanen da ke tsara jadawalinsa, da masu auna kuskuren na'urori suna gyara lissafi, da tallafin ɗaliban digiri na uku da ke zama watanni a kan bakan haske ɗaya. Binciken ƙanƙara irin na ST6 ya dogara ne kan ɗan giɓi ƙarami a cikin layi. Idan awon na'ura ya yi sako-sako, giɓin asid ɗin asetik da kuskuren na'ura kamanninsu ɗaya.

Ga kuma lokaci. Hubble yana kusa da duniya, 'yan sama jannati sun je sun gyara shi sau biyar. Webb ya yi nisan da babu mai zuwa. Rokar Turai ta ajiye shi daidai, har man da ya rage zai iya kai shi shekara 20, amma na'urori suna tsufa. A Mayun 2022 wani ɗan tsakuwar sama ya bar tabo na dindindin a ɗaya daga cikin ɓangarori 18 na madubin. A 2023 aka lura cewa sashen MIRI mai tsefe haske ya fara rage ƙarfi a zango mafi tsawo. An rufe Spitzer a Janairun 2020, an soke SPICA na Turai da Japan a wannan shekarar, an ajiye jirgin SOFIA a 2022. Daga doron ƙasa kuwa, tururin ruwa da kabon-dayoksaid na iskarmu suna toshe yawancin zangon da ake buƙata, komai girman madubin da aka kafa a kan dutse. Babu wani madubi mai ƙarfin Webb a wannan zango da ake ƙerawa yanzu. Shekarar da aka yi wa aikin ƙwauro, ta tafi ke nan.

Buƙata kuwa ta fi ƙarfin wadata. A zagaye na huɗu na neman lokaci, an shigar da takardu 2,377 masu neman kimanin sa'o'i 78,000, kusan ninki tara na abin da ake da shi.

Madubin kowa, asusun mutum ɗaya

Webb haɗin gwiwa ne. Turai ta ba da roka da NIRSpec da rabin MIRI, aka ba ta aƙalla kashi 15 cikin 100 na lokacin dubawa, Kanada kuma kashi 5. Sauran ƙofar a buɗe take: masani daga kowace ƙasa zai iya shigar da takarda, masu tantancewa kuma ba sa ganin sunansa ko na jami'arsa. Bayan ɗan lokacin keɓewa, galibi shekara ɗaya, bayanan suna shiga rumbun MAST, wanda aka sa wa sunan Sanata Mikulski, kowa ya sauke kyauta. Ɗalibar fiziya a Zariya ko Yamai, in tana da kwamfuta da intanet da wanda zai koya mata, za ta iya buɗe bakan hasken NGC 346 ɗin nan da aka yi shekara ashirin ana jira. Makarantar horar da matasan masana taurari ta Afirka ta Yamma, wadda ta fara zama a Abuja a 2013, irin wannan ƙofar take ƙoƙarin nuna wa ɗalibai. Afirka ta Kudu ta wuce nan, domin gajimaren a saman kanta suke, tana kuma dubansu da madubin SALT na Sutherland da farantan MeerKAT 64.

Amma wannan buɗaɗɗiyar ƙofa a jikin gidan wani take. Masana na Leiden da Edinbara da Cape Town suna cin moriyar rumbun, ba su da ƙuri'a a majalisar da ke biyan masu kula da shi. Ƙasashen da suka saba ɗaukar kimiyyar Amurka a matsayin rijiyar da ba ta ƙafewa sun ga abin da ya faru da tallafin USAID a 2025, kuma babu dalilin zaton ilimin taurari yana da wata kariya ta musamman.

A wannan karon dai Majalisar Amurka ta ƙi. A Janairun 2026, 'yan jam'iyyun biyu suka zartar da kasafin da ya bar NASA da sama da dala biliyan 24, sashen kimiyya kuma kusan yadda yake a da, Trump ya sa hannu. Masana sun yi ajiyar zuciya, sai dai watannin da aka shafe cikin zullumi sun riga sun yi ɓarnarsu, domin dubban ma'aikatan NASA sun karɓi tayin ajiye aiki a 2025, ƙwarewar da suka tafi da ita kuma ba ta cikin kowane kasafi. Dokar da aka zartar ta shekara ɗaya ce, mai wa'adi zuwa ranar 30 ga Satumbar 2026.